I'ina da Malamin Hausa a Aji

Kowane ɗalibi da za a tura gwajin koyarwa a makarantun firamare na Gusau, Tsafe ko Bungudu, da wuya ya kammala zangonsa bai haɗu da yaro mai i'ina ba. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin yara 5 cikin 100 kan yi i'ina a wani lokaci na ƙuruciyarsu, galibi daga shekara 2 zuwa 5. Mafi yawansu sukan rabu da ita, har ta rage ga kimanin mutum 1 cikin 100 na manya, kuma ta fi yawa ga maza.

I'ina tangarɗa ce a gudanar magana. Takan zo ta hanyar maimaita sauti, kamar b-b-Bungudu, ko jan sauti, kamar sssarki, ko kuma maƙalewa, inda leɓɓa ko harshe kan tsaya a wurin furuci iska ta ƙi fita. Kada ɗalibi ya rikita wannan da ninki. A kalmomin daddafa da ciccika, nahawu ne ya kawo maimaicin, kuma yana ɗauke da ma'anar yawaita aiki. Na mai i'ina kuwa ba ya ƙara ma'ana, ba kuma da nufinsa ya zo ba. Yaron ya san kalmar sarai. Fitar da ita ce ke yi masa wuya. Saboda haka babban kuskure ne a ɗauke shi daƙiƙi.

Abin da ya fi cutar da shi shi ne gaggawar malami. Da zarar an ce masa "yi sauri", ko aka ƙarasa masa jimla, ko 'yan aji suka fashe da dariya, fargaba kan ƙara ɗaure harshen. Ya kamata malami ya dube shi cikin natsuwa, ya jira, sannan ya rage saurin maganarsa shi kansa.

Akwai wata dabara da muka gada, ko da yake ba mu cika lura da ita ba. Bincike ya tabbatar da cewa i'ina kan ragu ƙwarai idan mutum yana waƙa ko yana karatu tare da wasu baki ɗaya, irin bitar da ake yi a Islamiyya. To, sai malami ya fara sa yaron karatu cikin rukuni, daga nan su biyu, kafin ya tsaya shi kaɗai. Idan i'inar ta wuce wata 6 tana ƙaruwa, a shawarci iyaye su nemi ƙwararren mai gyaran furuci a asibiti.

Jinga: Kawo kalmomi 5 masu ninki, ka bayyana yadda suka bambanta da maimaicin mai i'ina.