Mai gadin da ya zama mai gida: darasi daga Tangaza

A karanta wannan darasi a taron dattawa, ko zumuntar mata, ko na matasa, sannan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Yadda abin ya fara

Wajen shekarar 2017, ɓarayin shanu da 'yan bindiga sun hana mutanen Tangaza da Gudu sakat, can arewacin Jihar Sakkwato kusa da iyakar Nijar. Jami'an tsaro ba su isa ba. Sai wasu shugabannin yankin suka nemi taimakon wasu baƙi masu bindigogi da suka fito daga wajen Mali da Nijar. Da farko baƙin sun kori ɓarayi, mutane suka yi murna. Daga baya sai suka fara wa'azi na tilas, suna kwashe dabbobi da sunan zakka, suna yi wa masu jin kiɗa bulala, suna jan matasa da kuɗi. Su ne ake kira Lakurawa. Waɗanda suka kira su ba su iya sallamar su ba.

A Nuwamban 2024 Hedikwatar Tsaro ta sanar da ƙasa labarinsu. A wannan watan suka kai hari garin Mera a Jihar Kebbi, mutum 15 suka mutu. A Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda.

Matakan hukuma da abin da suka jawo

Kowane mataki yana da amfani, yana kuma da nauyin da talaka ke ɗauka.

• A 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, an rufe wasu kasuwannin dabbobi, an hana sayar da mai a jarka. An so a toshe wa 'yan bindiga hanya, amma manomi ma ya rasa inda zai sayar da akuyarsa, ya rasa yadda zai kira taimako.
• A 2024 gwamnatin Ahmed Aliyu ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, domin 'yan gari da suka san daji su yi aiki a ƙarƙashin doka.
• Ranar Kirsimeti ta 2024 jiragen soja suka kai hari kan Lakurawa a Silame. Mutanen ƙauye kusan goma suka rasu a Gidan Sama da Rumtuwa.
• Ranar Kirsimeti ta 2025 Amurka ta harba makamai masu linzami a jihar, da yardar gwamnatin Nijeriya. Ɓaraguzai sun faɗa gonaki a Jabo, cikin Tambuwal, maƙwabciyar Shagari.

Me ya shafe mu?

Bodinga da Shagari ba su kan iyaka, amma Silame da Jabo ba nisa. Abin da ya buɗe wa Lakurawa ƙofa yana nan tare da mu: tsoro, talauci, matasa marasa aiki, da jin cewa hukuma ta manta da ƙauye. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu Kirista 'yan kaɗan ne a nan, don haka tsoro yakan sa mu zargi kowa. Mu tuna cewa yawancin waɗanda Lakurawa suka kashe ko suka ƙwace wa dukiya Musulmi ne, irin maƙwabtan da muke cin kasuwa ɗaya da su. Mai bindiga yana son ya ga mun daina gaisawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da za mu iya yi

• Kada gari ya ƙulla yarjejeniyar kariya da baƙi masu makami, komai daɗin bakinsu. Wanda ya zo da bindiga ba ya tafiya da roƙo.
• Fasto da dattawa su riƙa zama da maigari da liman tun kafin wani abu ya faru. A samu mutum biyu ko uku da kowane ɓangare ya amince da su, waɗanda za su kai rahoto ga hakimi da 'yan sanda. Kada a bayyana sunan wanda ya kawo labari.
• A bincika labari kafin a yaɗa shi. Jita-jita ta sa mutane sun bar amfanin gona a daji, ta kuma sa an taɓa marasa laifi.
• A lura da matasa. Yaron da ke da sana'a, ko ɗan jari daga adashin ikkilisiya, ba ya saurin karɓar kuɗin baƙo.
• Kowane gida ya san inda zai nufa idan an tashi da dare, da wanda zai ɗauki tsofaffi da yara. A ajiye takardun gona da katin shaida wuri ɗaya.
• A gaya wa yara kada su taɓa baƙon ƙarfe da suka gani a gona. A sanar da hukuma.
• Idan 'yan gudun hijira sun iso, a ba su ruwa da abinci ba tare da tambayar addininsu ba, a kuma rubuta sunayensu wurin maigari.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Da kuna cikin dattawan Tangaza a lokacin, ga ɓarayi, babu soja, me za ku yi?
2. Yaushe rabon da shugabanninmu su zauna da na Musulmi kan tsaron gari? Wa zai fara zuwa?
3. Idan aka sake katse waya, ta yaya saƙo zai kai ƙauyen da ke kusa?
4. Matasa nawa ne a cikinmu ba su da abin yi da rani? Me za mu fara musu kafin damina?

Kafin a tashi, a zaɓi abu ɗaya da za a yi cikin wannan wata, a faɗi wanda zai ɗauki nauyinsa. Sannan a yi addu'a domin waɗanda suka rasa nasu, Musulmi da Kirista, da kuma masu mulki.