Yadda Ake Gyara Kuskuren Rubutu a Littafin LangRef na LLVM

LLVM, wanda aka soma a Jami'ar Illinois a shekarar 2000, shi ne ƙashin bayan kwamfailoli irin su Clang da na harshen Rust, wato manhajojin da ke juya rubutun masu shirya manhaja zuwa harshen na'ura. Littafin da ke fayyace ƙa'idojin harshensa shi ne LangRef, kuma masu aikin suna riƙe da shi tamkar doka.

Kafin ka taɓa komai, tabbatar abin da ka gani kuskure ne. A nan sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. Za ka ga nsw a wani layi, nuw a wani, ka zaci hannun marubuci ne ya zame. A'a: na farko ya shafi lambobin da za su iya zuwa ƙasa da sifili, na biyu waɗanda ba sa zuwa. Ka sauya wannan harafi ɗaya, ka sauya ma'anar umarnin gaba ɗaya. Haka undef da poison, kowanne da hukuncinsa. A ganina, duk abin da ke cikin misalin rubutun manhaja, bar shi sai ka karanta sashen tun daga farko.

Idan ka tabbata, yi kwafin ma'ajiyar llvm-project a GitHub, ka buɗe reshe sabo. Fayil ɗin yana llvm/docs/LangRef.rst. Nemi kalmar da git grep, domin sau da yawa an kwafi sakin layin zuwa wasu wurare da kuskurensa.

Gyara kalmar kaɗai, kada ka sake jera layukan da ke kewaye da ita. Idan kanun sashe ne ya ƙara tsawo, ƙara layin alamomin da ke ƙarƙashinsa ya kai tsawonsa, in ba haka ba Sphinx, manhajar da ke gina shafukan littafin, zai yi ƙorafi. Gwada da kanka: kunna LLVM_ENABLE_SPHINX a CMake, ka gina docs-llvm-html, ka duba shafin da idonka.

Sai ka tura buƙatar haɗa gyaran ta GitHub, hanyar da ta maye gurbin Phabricator tun 2023. Taken ya ambaci LangRef, ka ƙara NFC, alamar cewa aikin manhajar bai sauya ba. Idan mai dubawa ya amince kuma ba ka da izinin shigarwa, roƙe shi ya shigar maka.