Yadda Ake Jagorantar Tawaga Ranar da Aka Yi wa Kwamfutocin Ofis Kutse

A Daura yanzu akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri da aka aza tubalinta a 2019, ga asibitoci da rassan bankuna, ga masu POS tun daga cikin gari har kasuwar Mai'aduwa. Duk suna riƙe da bayanan mutane. Wanda aka ɗora wa tsaron waɗannan bayanai yakan kasance da ma'aikata uku ko huɗu a ƙarƙashinsa, kuma ranar da masu kutse suka shigo, shi kowa zai zuba wa ido. Da shi nake magana.

Da farko, ka raba aiki tun ana zaman lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wa zai binciki na'urori? Wa zai riƙa rubuta abin da ke faruwa da lokacinsa? Wa zai yi magana da manya? Rubuta sunayensu da lambobin wayarsu a takarda ta gaske, ka ajiye a aljihun tebur, saboda imel ɗin ofis na iya kasancewa a hannun ɓarawon. Sannan ka karɓi izini a rubuce daga shugaban ma'aikata cewa kana da ikon yanke intanet ba sai ka jira shi ba. Kutse ba ya jiran oga ya dawo daga Katsina.

Mataki na biyu shi ne mafi wuya a ƙasarmu, wato kunya. An tarbiyyantar da mu kada ƙarami ya kai wa babba mummunan labari. Sakatariya za ta danna wani saƙo da ya zo da sunan banki, ta ga allon ya yi wani iri, gabanta ya faɗi, sai ta kashe kwamfutar ta ja bakinta ta yi shiru har kwana uku. A waɗannan kwanaki ukun ake kwashe komai. Maganin wannan yana hannunka. Duk wanda ya zo ya ce maka, "Ranka ya daɗe, ina jin na yi kuskure," ka fara da yi masa godiya a gaban abokan aikinsa, kafin ka tambaye shi komai. In ka daka masa tsawa sau ɗaya, ka rufe bakin ofishin gaba ɗaya. Haka kuma ka ba ƙaramin ma'aikacinka damar ya ce maka ka yi kuskure, don sau da yawa shi ya fi ka sanin na'urar.

Na uku, ranar da abin ya faru, ka janye hannunka daga kwamfuta ko da ka fi kowa iyawa. Aikinka yanke shawara ne. Ka sa a zare wayar intanet daga na'urar da ta kamu, amma kada a kashe ta, domin wasu alamun ɓarawon suna gogewa da zarar wuta ta yanke. Ka sa a tayar da janareta tun kafin a ɗauke wuta. Kada kuma ka bar kowa ya goge na'urar don a koma aiki da wuri. Kowane ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu: da yawa sun ce su suka kashe macijiya, amma wanda ya fito da kanta aka gaskata. Hukuma ma shaida za ta nema.

Na huɗu, ka tsaya tsakanin yaranka da manya. Za a yi ta kira ana tambaya. Mutum ɗaya ya riƙa ba su bayani kowace awa: ga abin da muka tabbatar, ga wanda ba mu sani ba tukuna, ga abin da za mu yi. Kada ka ce "an shawo kan lamarin" don a ji daɗi. Ka kuma tsara hutu da lokacin salla bi da bi. Wanda ya kwana biyu ido biyu shi ke goge abin da bai kamata ba.

Agogon doka yana tafiya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai, wato NDPC, in bayanan mutane sun shiga haɗari. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, bayan gyaran 2024, ita ma awa 72 ta ba da a kai rahoto ga ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

In ƙura ta lafa, ku zauna ku bi rubutun abin da ya faru layi-layi, ku nemo ƙofar da aka bari a buɗe, ba wanda za a ɗora wa laifi ba. Kafin Juma'ar nan, ɗauki kwafin ajiyar bayananku ka gwada dawo da shi a wata kwamfuta, ka gani da idonka ko yana buɗewa.