Darasi: Lasin Motocin Haya a Ingila

A Ingila ƙananan hukumomi ne ke bayar da lasin motocin hayar da ake kira ta waya. Doka ta wajabta wa direba da mota da kamfani samun lasin daga hukuma guda, amma ba ta hana su aiki a wani gari ba. A 2015 aka halatta wa kamfani miƙa fasinjansa ga kamfanin wani yanki. Daga nan direbobi suka yi tururuwa zuwa Wolverhampton, inda ake samun lasin da sauri, suna aiki a birane irin su Mancesta. Illar kuwa ita ce, hukumar garin fasinja ba ta da ikon soke lasin da wata hukuma ta bayar.