Awon Ruwa Mai Cin Ƙarfe: Abin Lura Ga Mai Masana'anta Kafin Sayen Mita

Duk mai masana'antar da ke aiki da asid ko kostik soda ya san kuɗin da ya kashe kafin tanka ta iso ƙofarsa. Abin da sau da yawa ba ya da tabbaci a kai shi ne yawan abin da ke bi ta bututu bayan an sauke kayan. Kamfanonin jimar fatu na Challawa da Sharada a Kano suna jiƙa fata cikin gishiri da asid ɗin sulfur, watau dangin ruwan batir, kafin jima. Masu sabulu suna haɗa mai da kostik soda. Hukumomin ruwa kuma suna zuba kulorin. Idan awo ya kauce, fata ta lalace, ko sabulu ya riƙa ƙona jiki.

Ko da kaya ba su lalace ba, akwai asara. A ce masana'anta tana amfani da asid tan 10 a wata, mitarta kuma tana kuskuren kashi 2 cikin ɗari. Kilo 200 ke nan kowane wata, kusan tan biyu da rabi a shekara, waɗanda akanta ba zai gan su a littafi ba.

Tsohuwar hanyar awo ita ce sanya faranti mai huda a cikin bututu, a auna bambancin ƙarfin ruwa a gabansa da bayansa. Yana da araha, amma ingancinsa ya rataya ne kan kaifin bakin hudar. Da zarar asid ya dakushe shi, sai mita ta riƙa nuna ƙasa da abin da ke wucewa, ba tare da wata alama ba. Mita mai farfela kuwa ba ta daɗewa a irin wannan ruwa.

Saboda haka ne masana'antu suka fi karkata ga mita mai maganaɗisu. Asalinta binciken da Michael Faraday ya yi ne a Ingila a 1831, inda ya nuna cewa duk abin da lantarki ke iya bi ta cikinsa, in ya ratsa ƙarfin maganaɗisu, yakan haifar da ɗan lantarki daidai da saurinsa. Asid da soda duk suna da wannan hali. Babu abin da ke juyawa a cikin mitar, kuma akan lulluɓe cikinta da robar Teflon, wadda Roy Plunkett na kamfanin DuPont ya gano a Amurka a 1938. Ƙananan kawunan ƙarfe biyu ne kaɗai ke taɓa ruwan. Sai dai ba ta auna fetur ko man gyaɗa, don lantarki ba ya bi ta cikinsu.

A kan waɗannan kawuna biyu ne mai saye yakan yi kuskure, domin babu ƙarfe ɗaya da ke jure wa kowane sinadari. Ƙarfe marar tsatsa, wanda mutane ke ɗauka ba ya lalacewa, asid ɗin haidurokulorik yana cinye shi. Tantalam, mai tsadar gaske, yana jure wa yawancin asid, amma kostik soda tana lalata shi. Taitaniyam yana zama lafiya da kulorin mai danshi, amma busasshen kulorin yana iya sa shi kama wuta. Abin mamaki kuma, asid ɗin sulfur mai ƙarfin kashi 98 cikin ɗari ana ajiye shi a tankin baƙin ƙarfe, saboda wani ɓawo da yake yi wa ƙarfen. In aka sirka shi da ruwa, ko gudunsa ya yi yawa har ya kankare ɓawon, sai ya fara ci. Don haka dillalin da ya faɗi farashi bai tambayi sunan sinadarin da ƙarfinsa da zafinsa ba, a ganina, bai san abin da yake sayarwa ba.

Akwai kuma batun ma'auni. Da nauyi ake sayen asid, alhali mita mai maganaɗisu lita take ƙirgawa. Lita ɗaya ta wancan asid mai ƙarfi tana da nauyin kilo 1.84, ba kilo ɗaya ba kamar ruwa, kuma nauyin yana sauyawa da zafi. Mitar Koriyolis, wadda kamfanin Micro Motion ya fito da ita kasuwa a 1977, nauyin take aunawa kai tsaye, amma tsadarta ta fi ƙarfin ƙananan masana'antu da yawa. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya gwada mitarsa lokaci lokaci, ta hanyar cika duro a kan sikeli ya kwatanta da abin da ta nuna, ma'aikata kuma su sa tabarau da safar roba.

Masu sabulu su lura da hunturu: kostik soda mai ƙarfin kashi 50 tana fara daskarewa a wajen digiri 12, sanyin da akan samu da dare a Jos. Kafin a zargi mita da safe, a fara duba ko bututun ne ya toshe.