Ku Yi Hankali Da Dillalan Aikatau

Jama'a, ku lura da wannan. Akwai waɗansu mutane masu yawo ƙauye ƙauye, suna cewa za su sama wa yarinya aikatau a birni. Bakinsu da zaƙi, har su kan ajiye wa iyaye 'yan kuɗi. To, waɗansunsu fataucin yara su ke yi. In yarinya ta yi nisa da gida, sai a tilasta mata karuwanci. Daga nan sai ciwon sanyi, ko ƙanjamau, ko ciki tun ba ta isa haihuwa ba.

Domin wannan ne Gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, tana ba ta kuɗi don kama masu wannan mugun aiki. Tana da ofis a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Dokar 2015 ta ce wanda ya jefa yaro ko yarinya cikin karuwanci, ɗaurinsa ba zai kasa shekara 7 ba.

Ga abin da za ku yi:

1. Kada ku ba da ɗanku ga wanda ba ku san gidansa ba.
2. In baƙo ya zo neman yara, ku gaya wa mai unguwa ko 'yan sanda.
3. In an ɓata yarinya, ku kai ta asibiti kafin kwana 3 su wuce, akwai maganin da ke tare ƙanjamau. Kada ku doke ta, ba laifinta ba ne.

Rigakafi ya fi magani.