Tashar Jirgin Ƙasa Ta Kano: Tarihinta Da Tsarinta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda aka kafa tashar jirgin ƙasa ta Kano, da yadda aka tsara ta, da kuma irin tasirin da wannan tsari ya yi ga birni da ƙauyukansa, musamman na kudu irin su Lausu da sauran garuruwan ƙasar Rano da Kibiya. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wurin da aka ajiye tasha shi yake yanke hukuncin wanda zai ci moriyar jirgi da wanda zai tsaya kallo.

2.0 Tarihin Kafuwa

A shekarar 1907 ne Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Tsawon layin ya kai mil 356. Dogo ya iso Kano a shekarar 1911, zamanin Sarki Abbas, aka kuma buɗe shi domin jama'a da kaya a 1912. A wannan shekara ce aka haɗe shi da layin da ya taso daga Ikko, ko da yake sai da aka gama gadar Jebba a 1916 sannan aka daina ƙetarar da taragai a kan jirgin ruwa. Daga baya aka miƙa layin daga Kano zuwa Nguru, ya isa can a 1930.

Aikin bai zo wa talakawa da sauƙi ba, domin ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara leburori daga ƙauyuka, da yawansu ba da son ransu ba. Wannan ne aikin da Hausawa suka kira aikin diga, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi waƙa a kansa, watau Waƙar Diga.

Burin Turawa shi ne auduga, domin ciyar da masaƙun Ingila. Amma manomin Kano ya auna ya ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma idan fari ya zo yana iya cin ta, alhali auduga ba ta ciwuwa. Saboda haka a 1913 kaɗai gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 19,000, mafi yawanta daga Kano. Tashar da aka gina domin auduga sai ta zama tashar gyaɗa.

3.0 Tsarin Tashar

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne, ba a cikin birni aka gina tashar ba. An ajiye ta ne a waje, gabas da badala, tsakanin Fage da Nasarawa inda Turawa suke zaune. Dalilan haka a fili suke: fili yana da yalwa a waje, ba sai an rushe gidaje ba, sannan kuma siyasar Turawa ita ce a raba mazaunin 'yan ƙasa da na baƙi. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara ƙarfafa wannan rabo, har ta tanadi filin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta sauran mutane.

Abu na biyu shi ne, kaya aka fi yi wa tanadi, fasinja yana biye. An yanka wa kamfanonin Turawa filaye a kusa da dogo, suka gina kantuna da sito-sito, aka ja ƙananan layuka domin tarago ya matso kusa da kaya. Da gyaɗa ta fi ƙarfin taragai, sai aka shiga jera buhuna ana jiran jirgi, kuma daga nan ne dalar gyaɗa ta samo asali, wadda ake danganta ta da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Ashe ke nan dalar da muke alfahari da ita shaida ce ta yawan noma, kuma shaida ce ta gazawar jirgi wajen kwashewa.

Abu na uku shi ne bukatun jirgin kansa. Faɗin dogon ƙafa 3 ne da inci 6, kuma layi ɗaya ne tilo, saboda haka jirage biyu ba sa iya wuce juna sai a tasha, inda ake da layin ratse. Kan jirgi na wancan zamani da kwal da ruwa yake tafiya, don haka dole a sami tankin ruwa, da loko inda ake gyara, da wayar tangaraho domin tasha ta sanar da 'yar'uwarta cewa hanya a buɗe take. Waɗannan bukatu su suka haifar da ƙananan tashoshi a kudancin Kano, irin su Calawa da Madobi da Ɗangora.

4.0 Tasirin Tashar

Sannu a hankali tashar ta jawo gari zuwa gare ta. An kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, Fage ta bunƙasa, ciniki mai yawa ya karkata daga Kasuwar Kurmi zuwa waje. Tashar da take bayan gari a 1912 yanzu gari ya kewaye ta ta kowane gefe.

Amma Rano, duk da kasancewarta ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, dogo ya bi ta yamma da ita ya wuce. Manomin Lausu ko Kibiya sai ya nemi jaki, daga baya kuma mota, kafin amfaninsa ya kai ga sikeli a bakin dogo, kuma kuɗin wannan ɗauka daga aljihunsa yake fita. Na kusa da tasha ya sayar da daraja, na nesa ya sayar da ragi.

Harshe ma bai tsira ba. An faɗaɗa ma'anar jirgi, wanda a da na ruwa ne kawai, aka sami jirgin ƙasa. Aka laƙaba wa layin suna dogo saboda siffarsa. Aka kuma aro kalmomi irin su tasha da reluwe da loko da tikiti da lebura da shebur daga Ingilishi.

5.0 Kammalawa

Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975, da kuma yaɗuwar manyan motoci, sun rage wa tashar Kano armashi ƙwarai. Amma zancen jirgi ya sake tasowa: an buɗe ƙaramin jirgin cikin gari a Abuja a 2018, aka kuma aza harsashin sababbin layuka daga Kaduna zuwa Kano da daga Kano zuwa Maraɗi a 2021. Darasin da tarihin tsohuwar tashar yake koyarwa shi ne, kafin a zaɓi wurin sabuwar tasha ya kamata a tambaya wa za ta yi wa aiki, kuma ta wace hanya mutumin Lausu zai iso ta da buhunsa. Idan ba a yi wannan tambaya ba, to, ƙauyukan da jirgin 1912 ya tsallake su ne na yanzu ma zai sake tsallakewa.